Baƙo Ya Kwanta Koyon Hutu

Ku gyara zama ku ji labarin Baƙo, mutumin wani ƙauye bayan Dogarawa, wanda bakinsa ya riga ƙafarsa zuwa kowane gari na duniya.

Baƙo manomi ne. Gonarsa ta hatsi guda ce tak, a bakin hanyar Illela, kuma ita ce cin gidansa daga kaka zuwa kaka. Iyakar tafiyarsa Konni, sai wata rana da ya raka mara lafiya Sakkwato ya dawo da yamma. Amma in ya zauna a fada, majalisar abokai, ana zuba shayi, sai ka rantse shi ya auna wa teku faɗi.

Ana cikin damina, hatsi ya kai gwiwa, haki ya taso ana shirin maimai, wato noma na biyu, sai ga hoto ya faɗo wayar Baƙo. Anwar ne, ƙanin matarsa Mubaraka, wanda ke tuƙa wani attajiri a Kwatano. Ubangidansa ya tafi hutu wani tsibiri a tsakiyar teku, ya ɗauke shi riƙon jaka. Ga Anwar kwance bisa farin yashi, ga baƙin tabarau, ga itatuwan kwakwa, ruwa shuɗi har ƙarshen ido. Waya ta zaga fada hannu zuwa hannu, har ta iso ga Badaru, taubashin Baƙo, wanda tun suna yara bai taɓa barinsa ya sha ruwa da daɗi ba.

"Kai Baƙo, ƙanin matarka ya wuce ka," in ji Badaru. "Kai ko tabkin bayan gari za ka ƙetare sai ka naɗe wando kana salati."

"Wanga? Ɗaukar jaka ta kai shi. Ni da ƙahwata za ni, in kai Mubaraka, a ɗaukar muna jaka. Ana gama girbi mun tahi."

"Da mi?"

"Da hatsina mana. Ka ga gonata bana? Rumbu ɗaya na ci, rumbu ɗaya na jirgi."

"Rumbun naka ɗaya ne, kuma akuya na shiga ta ƙasa."

Aka yi dariya. Baƙo ya kurɓe shayinsa, ya ce duk wanda ke son tsarabar kwakwa ya fara ladabi tun yanzu.

Da ya koma gida ya kira Anwar, wai ya ji yadda ake yi a can, kada ya je ya yi ƙauyanci.

"Yaya, ba a yin komi," in ji Anwar. "Kwanciya kawai. A shafa mai, a kwanta cikin rana, a sha ruwan kwakwa. Amma da wuya ga wanda bai saba ba. Ni ranar farko ina ganin wani tsoho ya taho na zabura in ba shi wuri, har ma'aikatan wurin sunka yi mini dariya."

Nan Baƙo ya ga inda haɗarin yake. Shi da ko tari aka yi a ƙofar gida sai ya leƙa, ina zai iya wuni kwance? Ya ce a ransa, abin da ba a saba ba koyonsa ake yi.

Ya hau mota zuwa Konni, ya dawo da riga mai furanni daga wajen 'yan gwanjo, da gajeren wando, da baƙin tabarau, da kwakwa. Ya ɗaura wa jaki amalanke, ya yi ta jido yashi daga ƙorama yana zubewa a ƙofar gida, ba a inuwa ba, a fili inda rana ke dukan ƙasa kuma kowa zai gani.

Mubaraka ta tsaya a bakin zaure da muciya a hannu.

"Baban Wasila, gini za mu yi?"

"Bakin teku ne. Miƙo man kaɗe."

"Gona hwa? Kowa ya shiga maimai. Jiya na bi ta can, harƙiya ta kusa shan kan hatsi."

"Mata ba ku san tsari ba. In na iya hutu, noma ai wasa ne. Ke ma shirya, gobe ki kawo tabarmarki."

"Ni ina da daka," ta ce, ta ajiye masa man ta koma.

Washegari da hantsi Baƙo ya mulke jikinsa da man kaɗe tun daga goshi har tafin ƙafa, ya sa tabarau, ya miƙe bisa yashi. Juyi ɗaya ya yi, yashi ya manne masa ko'ina, ya koma kamar ƙuli-ƙulin da ya faɗi ƙasa. Ya ɗauki kwakwa zai fasa da ƙotar hauya, ta kuɓuce ta gangara, jaki ya bi ta da shinshina. Tururuwa suka ji ƙanshin mai suka yo gayya. Ya cije, ya tuna da Anwar, ya ƙi motsi.

Maza suka fito da hauyoyi a kafaɗa za su gona. Na gaba ya ja birki, na baya suka taru a kansa. A garin nan, tun da aka kafa shi, namiji ba ya kwanciya da hantsi a tsakiyar damina sai in ciwo ya kayar da shi.

"Subhanallahi. Baƙo, sannu. Kaka jiki?"

"Lahiya lau nike."

"Madalla, haka ake so. Allah shi ƙara sauƙi."

"Na ce lahiyata lau! Hutu nike koyo."

Suka dubi juna. Wane mara lafiya ne ya taɓa cewa ba lafiya ba? Ko wanda ake juyawa a shimfiɗa, in ka tambaye shi, da sauƙi zai ce. Wani dattijo ya sunkuya ya leƙa tabarau.

"Idon ne, shi ya sa ya ruhe shi."

"Ba ido ba ne," in ji wani. "Ba ka ga ya hito cikin rana ba? Sanyi ne ya shiga ƙashi."

"To, wandon hwa?"

Wandon kam ba wanda ya samo masa fassara mai daɗi. Baƙo yana ji, jikinsa na ƙaiƙayin ya tashi ya yi musu bayani, amma ya tuna a tsibiri ba a tashi. Ya ɗaga musu yatsu biyu kawai yadda Anwar ya yi a hoto. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Har hannun ya fara ƙagewa."

Kafin azahar mata sun cika gidan, wannan da kwanon kunu, wannan da saiwa a ƙulle. Baƙo yana jiyo su ta kan katanga.

"Wallahi lahiyarshi lau," Mubaraka ke cewa. "Tsibiri za shi, shi ne yake gwaji."

"Allah sarki, ɗiyar mutunci. Haka ake so, mace ta ruhe asirin mijinta. Tun yaushe ya fara wanga zance na tsibiri?"

"Tun ranar da hoto ya zo."

"Kun ji ko? Ta waya abin ya shigo."

Kunun dai Baƙo ya sha, har da na maƙwabta, ya ce a ransa ashe tun ba a je ba an fara kawo wa mutum abinci har inda yake kwance.

Kwana ya bi kwana, rana ta gasa shi har fatar hancinsa ta fara saɓulewa. Sai ranar nan ya hango abin da bai taɓa zato ba. Inna Shatu ce, mahaifiyarsa, tafe da sanda. Baƙo ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama inda yake ba, ko ranar aurensa gidan ƙanwarta ta tafi ta wuni. Yau ga ta da ƙafarta a ƙofar gidansa. Duk wanda ya gan ta ya ajiye abin da yake yi ya biyo baya, ana cewa, "In har Inna ta taka, abin ya kai."

Ba ta dube shi ba. Ta tsaya ta fuskanci katanga, ta yi magana da Mubaraka.

"Ke, wancan da ke kwance, yana cin abinci?"

"Ya hi kullum ci, Inna."

"To, ba shi kaɗai ke ci ba. A kira Bala."

Baƙo ya yunƙura. "Inna, wallahi..."

"Ce mishi ban yi da shi ba."

Bala wanzami ya iso da zabirarsa, Badaru na biye yana naɗe hannun riga, fuskarsa cike da tausayin da bai kai zuci ba.

"Badaru, kai ka san gaskiya. Gaya musu!"

"Na sani, ɗan'uwana, na sani. Kwanta. Ku kama ƙahwahun."

Aka kife Baƙo bisa bakin tekunsa. Bala ya kankare yashi da man kaɗe, ya jera masa ƙaho a gadon baya, ya tsaga, ya zuƙa. Baƙo ya yi ƙara har jaki ya amsa. Bala ya nuna wa jama'a jinin.

"Kun gani? Baƙi ƙirin. Wanga jini ya daɗe bai yi aiki ba."

Aka lulluɓe shi da bargo, aka tura masa kasko da hayaƙin saiwoyi, ya yi ta tari yana kiran sunan Anwar. Aka ce ga shi nan, yana kiran wanda ya turo abin. Aka ɗura masa jiƙon maɗaci. Inna Shatu ta sa aka cire tabarau aka jefa a rumbu, ta juya ta tafi, har yanzu ba ta dube shi ba.

Da la'asar yana kwance rub da ciki a zaure, baya na zafi, ya yanke shawara gobe zai je fada ya wanke kansa, ya kira Anwar a gaban kowa. Sai Mubaraka ta shigo ta zauna nesa kaɗan.

"Sarkin Noma ya aiko. Ya bi ta gonarka, ya ce in an ƙara kwana kaɗan ba hatsi sai haki. Ya kira gayya gobe da sahe, gari duka, har da makaɗa. Wai ba a barin gonar mara lahiya ta mutu."

Baƙo ya ɗaga kai a hankali. Gari duka. Aikin da zai ci masa mako da makonni, a gama shi kafin azahar, shi yana kwance.

"Tashi ka tahi ka gaya mishi gaskiya," in ji Mubaraka. "Mutanen ga gonakinsu za su bari. Haƙƙi ne."

"Wash," in ji Baƙo. "Bayana."

"Baban Wasila."

"Ni na ce musu ban da lahiya? Da bakina na ce lahiya lau, sunka ƙi. Ai ke ba ki gane ba, wanga shi ne hutun manya. Kana kwance, aiki na tahiya."

"Ni dai ba ni ƙarya don kai. Wanda ya tambaye ni, abin da na faɗa tun farko shi zan faɗa."

"Faɗi mana. Wa ya yarda da ke?"

Ta tashi ta fita. Ta share ɗan hatsin da ya rage a gindin rumbu, ta kira maƙwabta suka daka furar gayya, don ba a tara mutane a gona a bar su da ƙishi. Baƙo yana jin lugude yana nishi, yana gwada wanda ya fi kama da na gaske.

Da safe ya kasa haƙuri. A ce ana aiki a gonarsa ba ya nan yana nuna inda za a fara? Ya ce a kai shi ya sa albarka. Aka shimfiɗa masa tabarma a amalanke, aka rufa masa zane, Badaru ya ja jaki, yana bi ta kan kowane dutse da ya gani.

Gona ta cika. Maza sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ganga na tashi, hauyoyi na sauka tare, ƙasa na juyewa baƙa mai sanyi. Mata na gindin tsamiya da ƙoren fura, Inna Shatu a cikinsu ta ba amalanke baya. Har an ci kusurwar gabas. Baƙo ya leƙo ta ƙarƙashin zane, daɗi ya kama shi, ya saki nishi mai tsawo.

Sarkin Noma, dattijo mai faɗin ƙirji, ya zo ya dafa amalanke.

"Sannu Baƙo. Kada ka sa komi a ranka, gonarka tamu ce."

"Na gode," in ji Baƙo da 'yar siririyar murya. "A dai kula da gehen kalgo, akwai wake."

Sai Badaru ya hau kan wani suri, ya ɗaga hannu, makaɗi ya sassauta.

"Jama'a, ina da roƙo. Duk wanda ya yi wa ɗan'uwana dariya kan zancen tsibiri, shi nemi gahwara. Ni na fara. Mun ɗauka cika baki ne, ashe ciwo ne ke magana. Ba tsibiri, ba jirgi, ba komi. Mutumin da ko Tawa bai sani ba, ina shi ina teku?"

"Allah sarki," jama'a suka amsa. "Mun yahe, shi ma shi yahe muna."

Zane ya motsa. Baƙo ya cije leɓe. Ya dubi kusurwar da aka nome, ya dubi sauran gonar da ke shaƙe da haki har bakin hanya. Ya ce wa kansa, yi shiru, kafin azahar an gama.

"Kuma don Allah," Badaru ya ci gaba, "in ya warke kada wanda ya tuna mishi. In ya ce teku, ku ce na'am, ku ba shi ruwa shi sha. Ita ko Mubaraka, in tana son ganin tsibiri, sai ƙaninta Anwar shi kai ta, tunda shi Allah ya ba..."

Ba a ga saukar Baƙo ba. Zane kawai aka gani a sama, sai ga mutum cikin gajeren wando da tabon ƙaho a baya yana tsallake kunya uku-uku. Ya cafi Badaru ta ƙugu, ya ɗaga shi sama har ƙafafunsa na harbin iska, ya juya da shi, ya nana da ƙasa. Ya taka suri ya buga ƙirji.

"Wa ke da ciwo? Ni? Lahiyata ta hi ta kowa a nan! Hutu nike, hutu, irin na manya! Tsibiri kuwa sai na je, da hatsin gonar ga da kuke nomewa!"

Ganga ta tsaya. Hauyoyi suka tsaya a sama, sannan suka sauko ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Badaru yana kwance cikin harƙiya, ƙasa a baki, yana dariya har da hawaye. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Na warkar da shi. Bala, ka ga aiki."

Sarkin Noma ya tako har gaban suri. Ya dubi Baƙo daga sama har ƙasa, ya juya wajen tsamiya.

"Mubaraka, mijinki lahiya tai?"

"Baba, tun ranar farko nike faɗi."

"Gaskiya ne, kin faɗa. Mu ne ba mu ji ba." Ya juyo. "Baƙo, Badaru ya hi buhun hatsi nauyi. Wanda ya ɗaga shi, hauya ba ta gagarar shi."

"Ai... wani lokacin yakan sake ni, ya dawo," in ji Baƙo, ya kai hannu baya. "Wash."

Ba wanda ya ce sannu. Daga gindin tsamiya aka ji muryar Inna Shatu, tana magana da kututturen itace.

"A miƙa wa wancan hauya."

Sarkin Noma ya ba shi tasa hauyar da hannunsa. Sannan ya ce wa jama'a, tunda an riga an baro gonaki, kuma yarinyar nan ta daka fura da hatsinta na ƙarshe, ba kyau a bar ta ta lalace. Maza suka tattara zuwa inuwa, suka miƙe ƙafafu, ludayi ya fara zagawa. Makaɗi ya gyara gangarsa ya bi bayan Baƙo shi kaɗai, in ya sassauta a ƙara masa kiɗa, in ya miƙe zai share gumi a yi masa guɗa daga tsamiya.

"Gehen kalgo, Baƙo!" Badaru ke kira, baki cike da fura. "A kula, akwai wake!"

Da rana ta take, aka ga gindin ƙwarya, kowa ya saɓa hauyarsa ya nufi gonarsa. Aka bar Baƙo tsakiyar haki, gaba haki, dama haki, hagu haki. Mubaraka ta kawo masa ruwa a buta. Ya sha, ya sauke numfashi, ya dubi hanyar da mutane suka bi.

"Kin dai ga kayen da na yi mishi? A gaban gari duka. Ko a tsibirin aka ji labarin wanga kaye..."

"Baban Wasila," ta ce, "rumbu ba komi ciki. In hakin ga ya kwana uku, ba teku ba, ko tuwo ba ka gani."

Ta karɓe butar. Baƙo ya buɗe baki, ya duba, babu sauran mai saurare sai jaki. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya sunkuya.

Nan na sauke muku shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da bakinmu.